Yadda mai sha'awa zai samu ainihin bayanan Hubble da James Webb ya haɗa hoto da kansa

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Ina ganin hotunan da na'urorin hangen nesa na Hubble da James Webb ke ɗauka, na kuma ji an ce kowa na iya samun ainihin bayanan ya sarrafa da kansa. Gaskiya ne? In haka ne, ta ina zan fara, ganin cewa kwamfutata mai RAM gigabait 8 ce, data kuma saye nake yi?

Amsa: Malam, gaskiya aka gaya maka. Abin da Hubble ta ɗauka tun da aka harba ta a watan Afrilun 1990, da abin da James Webb ta ɗauka tun 2022, duk yana ajiye a rumbun MAST, wanda cibiyar STScI da ke Baltimore a Amurka ke kula da shi, a adireshin mast.stsci.edu. Ba a biyan ko sisi, ba a tambayar takardar shaidar karatu ko ƙasar da mutum ya fito, ko rajista ba a buƙata. Shinge ɗaya ne kawai: masanin da ya nemi a duba masa wani abu akan ba shi wa'adi, yawanci daga wata shida zuwa shekara guda, ya yi nazarinsa shi kaɗai. A lokacin za ka ga alamar kwado a gefen bayanan. Wa'adin na cika, ƙofa ta buɗe ga kowa. Manyan shirye-shirye da dama ma ba su da wannan wa'adi, suna isa rumbu kowa ke iya ɗauka.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da za ka sauke ba ya kama da hotunan da kake gani a labarai. Fayil ne mai suna FITS, cikinsa jerin lambobi, kowace lamba tana faɗin yawan hasken da ya sauka a kan ɗigo ɗaya na sensar na'urar, wato piksel. Babu launi a ciki ko kaɗan. In ka buɗe shi karon farko, baƙi ƙirin za ka gani da 'yan ɗigo farare nan da can, har ka zaci fayil ɗin ya lalace a hanya. Lafiyarsa ƙalau. Tauraro mai haske na iya fin ƙurar da ke gefensa haske sau dubu goma ko fiye, allon kwamfuta kuwa matakan haske 256 kawai yake nunawa. Manhaja ta ba tauraron fari, duk sauran sai suka faɗa cikin baƙi.

Kafin ka ƙona data, ka tabbatar da abin da kake so. In hoton nuna wa ɗalibai ne kawai, shafukan esahubble.org da esawebb.org suna da hotunan da ƙwararru suka gama haɗawa, kowanne a girma daban-daban, da bayanin filtocin da aka yi amfani da su. In kuma so kake ka leƙa ka ga ko an taɓa ɗaukar wani yanki na sama, shafin ESASky na hukumar sararin samaniya ta Turai yana aiki a cikin burauza: ka rubuta sunan abin, ya zana maka iyakar wuraren da Hubble, Webb, XMM-Newton da sauransu suka duba. Sai wanda ke son ya taɓa lambobin da hannunsa ne zai shiga MAST.

A MAST ɗin, kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sauke duk abin da suka gani. Kowace duba guda tana da fayiloli matakai-matakai, kuma ƙarshen sunan fayil ne ke nuna matakinsa. A ɓangaren Webb, mai ƙarewa da _uncal shi ne ɗanye, yadda ya fito daga sensa. Mai _rate an mayar da shi yawan haske a daƙiƙa. Mai _cal an gyara shi, amma ɗauka ɗaya ce ta sensa ɗaya. Mai _i2d na mataki na 3 shi ne wanda aka haɗa duk ɗaukan da aka yi ta filta guda, aka miƙar da karkacewar madubi, aka share yawancin datti. Shi kake nema. A ɓangaren Hubble, _raw ne ɗanye, _flt da _flc ɗauka ɗaya ce da aka gyara, _drz da _drc su ne haɗaɗɗu. In akwai _drc, ɗauke shi ka bar _drz. Harafin c na nufin an gyara wata matsalar tsufa: shekaru na dukan ƙwayoyin zarra masu gudu a sararin samaniya sun raunata sensocin kyamarorin ACS da WFC3, har cajin lantarki kan maƙale a hanya lokacin karantawa, ya bar wa kowane tauraro ɗan jela. Ɗanyun fayilolin kuwa, ka bar wa masu rubuta digiri na uku. Sarrafa su na buƙatar manhajar gyara da fayilolin ma'auni masu nauyin gigabait da yawa, abin da za ka samu a ƙarshe kuma shi ne dai _i2d ɗin da an riga an yi maka.

Sai karatun sunan filta, don a nan launi ke fitowa. Filta kamar rariya take a gaban sensa, tana barin haske mai wani tsawon zango ya wuce, ta tare sauran. Sunanta harafin F ne, da lamba, da wani harafi. Harafin ƙarshe na nuna faɗin ƙofar: W mai faɗi, M matsakaiciya, N ƙuntatacciya, wadda aka yanka daidai hasken da wani sinadari guda ke fitarwa. Lambar ce ke ruɗarwa. A kyamarorin Hubble masu ganin hasken da ido ke gani, nanomita take nufi, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita: F555W kore ne wajen nanomita 555, F814W ta ɗan wuce ja, F502N hasken oksijin ne, F673N na farar wuta. A Webb kuwa raba lambar za ka yi da ɗari ka samu maikiron, wanda kowane ɗaya nanomita dubu ne: F090W maikiron 0.9, F200W maikiron 2, F770W maikiron 7.7, F2100W maikiron 21. Wato F555W ta Hubble ta fi F200W ta Webb gajarta nesa ba kusa ba, ko da yake lambarta ta fi girma. Haka ma F160W ta Hubble, ita maikiron 1.6 ce. Kusan duk abin da Webb ke gani infirared ne, hasken da ya wuce ja wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa, don haka launin hotunanta zaɓi ne na mai haɗawa. Zaɓin yana da ƙa'ida: mafi gajeren zango shuɗi, na tsakiya kore, mafi tsawo ja, yadda bakan gizo ya jera.

Da yawa kan fara da hoton Webb na gajimaren ƙura da iskar gas na Carina, mai kama da duwatsu, da aka fitar ranar 12 ga Yulin 2022, mai lambar shiri 2731. Da kwamfutarka da datarka, ban ba ka shawara ba. Lissafin ba wuya. Hoton ya haura piksel miliyan 120, kowane piksel bait huɗu, wato kusan megabait 500 ga hoton kansa. Fayil ɗin _i2d kuma ba hoton kaɗai ke ciki ba: bayan sashen SCI, wanda shi ne hoton, akwai ERR mai ƙiyasin kuskure, da CON, da WHT, da sassa uku na VAR, kowanne girmansa kamar na hoton. Filta ɗaya ta gajeren zango sai ta kai gigabait da dama, filtocin kuma shida ne. RAM gigabait 8 zai shaƙe.

Fara da galaksin M74, wanda ake kuma kira NGC 628, mai nisan shekarar haske kusan miliyan 32, a bayanan kyamarar MIRI na shiri mai lamba 2107. Shirin PHANGS ne, mai nazarin galaksi na kusa, ba shi da wa'adin keɓewa. Sensar MIRI piksel miliyan ɗaya ce da 'yan kai, yayin da kyamarar NIRCam, wadda ta ɗauki hoton Carina, ke da sensa goma, kowace 2048 sau 2048, don haka fayilolin MIRI ba su kai ko kusa da nauyin na NIRCam ba. Daga waɗannan bayanan ne Judy Schmidt, wadda ba ma'aikaciyar NASA ba ce, ta haɗa hoton M74 da ya zaga duniya a Yulin 2022, kuma ita ce ta yi aiki da masu bincike a kan hoton Jupiter da aka fitar a watan Agustan shekarar.

Ka shiga MAST, ka rubuta M74 a akwatin bincike. Sakamako zai zo da yawa, daga na'urori iri-iri. A gefen hagu ka tace: na'ura JWST, kyamara MIRI/IMAGE, lambar shiri 2107, matakin gyara 3. Filtoci huɗu za ka gani: F770W, F1000W, F1130W, F2100W. Ka zuba su a kwandon saukewa. A cikin kwandon kada ka danna saukewa nan take. Ka buɗe jerin fayilolin, ka cire alama daga komai sai masu ƙarewa da _i2d.fits waɗanda sunansu ke ɗauke da sunan filta. Akwai wasu _i2d na mataki na 2, na ɗauka ɗai-ɗai, masu dogon suna na lambobi zalla. Ba su ba ne. Girman kowane fayil yana rubuce a gefensa, ka duba kafin ka yarda. Uku sun isa: F770W, F1130W da F2100W.

Manhajar da ta fi sauƙi ga wannan mataki ita ce FITS Liberator, kyauta ce. SAOImageDS9 da Siril su ma kyauta ne, suna yin aikin. Ka buɗe fayil, ka tabbata sashen SCI ka zaɓa. In ka ga wani abu mai kama da tabarma da murabba'ai masu hawa kan juna, WHT ko CON ka buɗe. Daga nan sai buɗe haske. Ka canza ma'aunin nuni daga na kai-tsaye zuwa asinh, ko log in babu shi. Asinh ya fi: yana ɗaga wurare masu duhu sosai, ya danne masu haske a hankali, kuma ba ya rikicewa in ya ci karo da lamba ƙasa da sifili, abin da log ba ya jurewa. Lambobi ƙasa da sifili kuwa suna nan, saboda an cire hasken bango.

Sannan ka saita iyaka biyu a kan jadawalin haske. Za ka ga wani tudu mai tsini a gefen hagu, shi ne hasken sararin da babu komai. Ka ajiye iyakar baƙi ɗan hagu da gindin tudun. Wannan wuri ne da kusan kowane sabon hannu ke ɓatawa: yana son sama ta yi baƙi ƙirin, sai ya tura iyakar cikin tudun, ya yanke ƙura mai rauni da ke gefen hannuwan galaksin, wadda ita ce ainihin abin da Webb ta fi sauran na'urori gani. Abin da aka yanke a nan ba ya dawowa a gaba. Iyakar fari kuma ka sa ta inda tsakiyar galaksin ke dab da ƙonewa amma ana ganin siffarta. Ka fitar da hoton a TIFF mai bit 16. Bit 8 matakai 256 ne, bit 16 matakai 65,536. In ka fitar da bit 8 sannan ka ƙara gyaran haske a gaba, hoton zai yi layi-layi kamar matakalar bene.

Kafin launi sai an daidaita hotunan uku su hau kan juna. Ko da kyamara ɗaya ce ta ɗauka, fayilolin filtoci daban-daban kan bambanta a girma ko su goce da 'yan piksel. Alamar rashin daidaito ita ce taurari masu gefe ɗaya ja, ɗaya gefen shuɗi. Hanyar hannu: ka buɗe su a manhajar gyaran hoto ta GIMP a matsayin shimfiɗu uku, ka mayar da ta sama yanayin Difference, ka riƙa matsar da ita har taurarin su ɓace cikin baƙi. Hanyar da ta fi inganci ita ce amfani da bayanan wuri da ke kan kowane FITS, masu faɗin daidai inda kowane piksel ke kallo a sama. Kunshin Python mai suna reproject yana karanta su, ya zuba hoto ɗaya a kan ma'aunin wani da umarni guda, reproject_interp. Ranar da za ka haɗa kyamarori daban-daban, wannan hanya ta zama dole, don piksel ɗin ba girmansu ɗaya ba: na NIRCam mai gajeren zango 0.031 ne na daƙiƙar kusurwa, mai dogon zango 0.063, na MIRI 0.11. Daƙiƙar kusurwa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri.

In sun daidaita, a GIMP ka shiga Colors, Components, Compose. F2100W ja, F1130W kore, F770W shuɗi. Hoton F2100W zai fi sauran dushi-dushi, kuma ba laifinka ba ne: kaifin gani na raguwa yadda zangon haske ke tsawo, a maikiron 21 ya kusa ninka na 7.7 sau uku wajen dushewa. Filtocin F770W da F1130W suna kama hasken wasu ƙwayoyin ƙura masu sinadarin kabon, dangin toka da hayaƙi, shi ya sa za ka ga hannuwan galaksin sun zama kamar saƙar gizo mai ramuka. F2100W kuma ƙura mai ɗumi take nunawa, inda sababbin taurari ke dafa abin da ke kewaye da su. In filtoci sun wuce uku, kowacce sai a ba ta launinta a shimfiɗarta, a haɗa da yanayin Screen. Haka aka yi wa Carina: F090W shuɗi, F200W kore, F444W ja, sauran ukun a tsakankaninsu.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci ga malami: bambance abin da ke sama da abin da na'ura ta ƙirƙira. Tsinin haske da ke fita daga taurari ba na taurarin ba ne. Na Hubble huɗu ne, daga sandunan da ke riƙe ƙaramin madubinta. Na Webb manya shida da ƙanana biyu, saboda madubinta guda 18 masu kusurwa shida da sanduna uku. Baƙin rami a tsakiyar tauraro mai tsananin haske ba baƙin ramin sararin samaniya ba ne. Sensa ce ta cika ta tumbatsa, manhajar gyara ta rasa lambar da za ta rubuta, ta bar gurbin da alamar NaN, wato babu lamba. Wasu manhajoji kan ƙi buɗe haske gaba ɗaya saboda NaN, sai an maye su da sifili tukuna. Siraran layuka a kwance a hotunan NIRCam daga lantarkin da ke karanta sensa suke, sukan fito in ka buɗe haske da yawa. Farin ɗigo mai kaifi wanda ke cikin ɗauka ɗaya ba ya cikin ta biyu, ƙwayar zarra ce mai gudu ta doki sensa. A Webb wani lokaci takan bar dunƙule zagayayye. Akwai kuma inuwar tauraro mai haske da aka kalla a baya, wadda kan saura a sensar infirared na ɗan lokaci, kamar yadda fitila ke saura a ido bayan an kashe ta. A hotunan Hubble, dogon layi miƙaƙƙe da ya ratsa daga gefe zuwa gefe yawanci tauraron ɗan Adam ne, don Hubble na zagaye a tsayin kilomita wajen ɗari biyar, da yawansu suna samanta. Gajeren layi mai lanƙwasa kuwa yakan zama dutsen sararin samaniya, lanƙwasar daga tafiyar Hubble ɗin ce kanta. Gwajin duka ɗaya ne: abu na gaske yana wuri guda a sama a duk ɗaukan, datti kuwa ko dai yana bin wuri guda a kan sensa, ko ya bayyana sau ɗaya ya ɓace.

Wani ƙaramin tarko: FITS na fara ƙirga layi daga ƙasa, yawancin manhajojin hoto daga sama, don haka hoto kan fito a juye kamar a madubi. Ka kwatanta da ESASky ka ga ko hannuwan galaksin sun juya ta inda ya kamata. Kuma da zarar ka buɗe haske da asinh, hoton ya tashi daga abin awo. In ɗalibi zai auna hasken tauraro, a kan FITS na asali zai yi. Ma'aunin fayilolin Webb MJy/sr ne, hasken fili; don a samu hasken tauraro sai an tara piksel ɗinsa, an cire bango, an ninka da lambar PIXAR_SR da ke kan fayil. Haɗaɗɗun fayilolin ACS da WFC3 kuma ilektiron a daƙiƙa ne, ana ninkawa da PHOTFLAM.

Batun data akwai dabara. Ka bar babban fayil a can, ka ɗauko abin da ka tace. Google Colab na ba ka kwamfuta ta aro a cikin burauza, da intanet ɗinta. A can ka sa astroquery da astropy da reproject, ka sauke fayilolin daga MAST zuwa can, ka yanki yankin da kake so da Cutout2D, ka daidaita, ka fitar da TIFF. Abin da zai ci datarka shi ne rubutun umarni da hoton ƙarshe. Yanki mai piksel 2000 sau 2000 a bit 16 megabait 8 ne. Ta haka har Carina ɗin ma kana iya taɓawa, filta ɗaya bayan ɗaya. Ka dai kwashe sakamakonka da wuri, don Colab na share komai in zaman ya yanke.

A ganina ma, ga aji, akwai bayanan da suka fi hoto amfani, kuma nauyinsu bai kai na bidiyon minti ɗaya ba. Na'urar Gaia ta Turai ta auna wuri da haske na taurari kusan biliyan 1.8, da nisa da tafiyar mafi yawansu, aka fitar da kashi na uku na bayanan ranar 13 ga Yunin 2022. Ka sa ɗalibai su nemo Kaza da 'ya'yanta a ciki. A shafin rumbun Gaia, ɓangaren bincike na ADQL, ka rubuta:

SELECT ra, dec, parallax, pmra, pmdec, phot_g_mean_mag, bp_rp FROM gaiadr3.gaia_source WHERE 1=CONTAINS(POINT('ICRS',ra,dec), CIRCLE('ICRS',56.75,24.12,2)) AND parallax BETWEEN 6.5 AND 8.5

Ka sauke a CSV, ka buɗe a manhajar jadawali ta TOPCAT ko ma Excel. Ka zana pmra da pmdec, lambobi biyu masu nuna tafiyar tauraro a sama: za ka ga ɗaruruwan taurari sun dunƙule wuri guda, wajen 20 da −45, sauran sun warwatse. Waɗanda suka dunƙule su ne 'ya'yan Kaza na gaske, tafiyarsu ɗaya. Sauran 'yan hanya ne da suka faɗo layin kallo. Matsakaicin lambar parallax ɗinsu, wato ɗan gocewar da tauraro ke yi a gani yayin da ake zagaye rana, zai zo wajen 7.4. Raba 1000 da ita, ka samu nisa a ma'aunin fasek, wajen 135, ka ninka da 3.26, shekarar haske kusan 440. Ɗalibi ya auna nisan taurarin da kakarsa ke nuna masa da yatsa. Abin mamakin shi ne manyan da ido ke gani su ne awonsu ya fi rauni a jadawalin, don haskensu ya yi wa sensar Gaia yawa.

Wata na'urar kuma, TESS, wadda aka harba a Afrilun 2018, tana kallon kowane yanki na sama kwana 27 tana auna hasken taurari. Da kunshin Python mai suna lightkurve, ka nemi tauraron WASP-18 a yanki na 2, ka ɗauki ma'aunin PDCSAP wanda aka riga aka cire wa rawar na'ura, ka naɗe jadawalin a kan kwana 0.9415. Haske zai faɗi da kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowane zagaye: wata duniya ce mai girman Jupiter ke gilmawa ta gaban tauraronta cikin ƙasa da kwana guda. Zurfin faɗuwar shi ne faɗin duniyar a raba da faɗin tauraron, a ninka sakamakon da kansa. Duniya irin tamu a gaban rana kashi 0.008 cikin ɗari kawai za ta rage. Giɓin da ke tsakiyar jadawalin lokacin da na'urar ta juya tana turo bayanai ne. In ka ga faɗuwar haske a wani tauraro ka zaci sabuwar duniya ce, ka tuna piksel ɗin TESS daƙiƙar kusurwa 21 ne, ƙato ne ƙwarai, yakan haɗiye taurari da dama. Sau da yawa wasu tagwayen taurari ne a gefe ke kisfe juna, haskensu ya zubo cikin ma'aunin. Ka kwatanta zurfin faɗuwa ta ɗaya da ta biyu. In suna musanya babba da ƙarama, tagwaye ne.

Masu sha'awa na gano sababbin abubuwa kuwa, amma galibi ta shirye-shiryen da aka tsara, inda akwai masana masu tantancewa. Tauraro mai wutsiya sama da 5,000 aka gano a hotunan na'urar SOHO mai kallon rana, mafi yawansu mutane ne a gidajensu suka hango su. Duniyar nan Kepler-64b mai rana huɗu masu sa kai na shirin Planet Hunters ne suka gano ta a 2012. Shafin Zooniverse na da irin waɗannan ayyuka, wasunsu ana yi ko da waya. Duk abin da ka gani kake zaton sabo ne, ka fara sa lambobin wurinsa a SIMBAD da NED, rumbunan abubuwan da aka riga aka sani a sama. In mai motsi ne, a shafin Minor Planet Center.

Neman a juya na'urar ta kalli abin da kake so, shi kuma wani babi ne. Ƙa'ida ba ta hana kowa ba, kuma masu tantancewa ba sa ganin sunan mai nema. Amma a 2024 awoyin da aka nema a Webb sun ninka waɗanda ake da su wajen sau tara, takardar kuma sai ta nuna da lissafi cewa amsar ba ta riga ta kasance a rumbu ba. An taɓa ware wa masu sha'awa lokaci a Hubble, bisa shawarar Riccardo Giacconi, shugaban STScI na farko. Mutum 13 suka samu, shirin ya tsaya a 1997.

In ka gama hotonka za ka sa a intanet ko a bangon aji, kana da izini. Hotunan ESA/Hubble da ESA/Webb suna ƙarƙashin lasisin CC BY 4.0, wato a yi amfani amma a ambaci mai shi. Ga wanda ka haɗa da kanka daga bayanan Webb, ka rubuta NASA, ESA, CSA da STScI, da lambar shirin, da sunanka a matsayin mai sarrafawa. Na Hubble ba a sa CSA, don hukumar Kanada ba ta cikin aikinta. A ƙasa ka jera filtocin da launin da ka ba kowace, misali F2100W ja, F1130W kore, F770W shuɗi, don wanda ya ga shuɗi a hoton ya san ƙura ce mai haske a maikiron 7.7 yake kallo.